Mayafin Yaya a Kan Auta

A layin masu sayar da kayan gyaran mota babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Sai-Ya-Shiga kowa yake ce masa, har yaran da aka haifa a gabansa. Dalili kuwa, bakinsa bai iya cewa babu ba. In bakanike ya zo da mataccen ƙarfe a hannu ya ce irinsa yake nema, tsohon zai duba kantoci, in bai samu ba sai ya zaro wani ya jera su a kan tebur, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Ɗan'uwansa ne. Ka ɗan ci bakin nan da magagari, ka ƙara wosha a nan, sai ya shiga." Sau tari kuma yakan shiga. Mota ta tashi, mai ita ya tafi yana sa albarka, abin da zai biyo baya kuwa tsakaninsa da hanya.

Bai yi boko ba, Turancinsa duk na jikin kwali ne, amma a nan ɗin ba a kayar da shi. In hira ta yi daɗi a bakin shago yakan ce, "Mu kalma ɗaya gare mu, kama. Shi Bature da yake ya daɗe a kasuwa, matakala ya yi mata. In ya rubuta orijinal, ya sa wuyansa. In ya rubuta aidantikal, tagwaye ke nan, ko uwarsu sai ta duba da kyau. In ya ce ikwibalan, fuska daban aiki ɗaya, kamar jaki da baro. Amma in kuka ga simila, to ya wanke hannunsa har ya goge da tawul. Kama ce tsurarta, in ta yi ruwa rijiya, in ba ta yi ba masai."

Babban abokinsa, wani tsohon bakanike da ake kira Birki, yakan ce, "To kai a shagonka wanne ya fi yawa?"

"Wanda aljihunku ya fi so."

'Ya'yansa biyu ne, duka mata, uwarsu ta rasu tun ƙaramar tana firamare. Babbar, Yaya kowa yake ce mata har shi uban, ƙaramar kuwa Auta. Allah ya yi su kamar an tsaga kara: tsayi ɗaya, dogon wuya ɗaya, har wushiryar ɗaya. A hali ne suka rabu. Yaya mai magana ce, dariyarta har bakin titi, Auta kuwa sai ka yi mata tambaya biyu kafin ka sami amsa ɗaya. Auta tana gida tana koyon ɗinki. Yaya ta yi aure, mijinta direban babbar mota ne wanda hanya ta fi gida saninsa, ita kuma tana aiki a wani gidan burodi, a bakin tanderu. 'Yarsu ɗaya, ba ta cika shekara biyu ba, 'yar mitsitsiya mai tsiwa, kakanta ya laƙaba mata Tsigi.

Wata safiya bututun gas na tanderun ya yi yoyo, ba wanda ya lura. Yaya ta sunkuya za ta kunna, wuta ta yi tsalle ta mare ta a fuska. Kafin la'asar tana gadon asibiti an naɗe mata kai da bandeji, Tsigi kuma wata maƙwabciya ta kawo ta gidan kakanta da jakar kayanta. Ɗakin masu ƙuna ba a shiga da yara, kuma likita ya ce zaman zai yi tsawo.

Yarinya ta ce ba ta san zance ba. A ba ta madara ta kifar, a ba ta ayaba ta matse ta a hannu ta yar. Mama kawai take kira, tun da ƙarfi har murya ta dushe ta koma kamar ta kyanwa. Auta ta goya ta, ta zagaya tsakar gida da ita har ƙafarta ta kumbura, a banza. Cikin 'yan kwanaki wuyan yarinyar ya fara langaɓewa, idanunta suka zurma.

Tsohon yana zaune a kan benci da hantsi, ya kasa fita kasuwa, sai Auta ta juya baya tana tarar ruwa a famfo. Ya buɗe baki zai ce Yaya, ya kama kansa. Daga nan ya kanne ido ɗaya.

"Ke Auta. A jakar nan da aka kawo, akwai kayan yayarki?"

"Akwai mayafinta na zuwa aiki, Baba, da riga ɗaya. Ban wanke ba tukuna."

"Kada ki wanke. Ɗauko ki sa."

Ta tsaya tana kallonsa, bokiti yana ambaliya.

"Ki sa, na ce. Ki ɗaura ɗankwalin a karkace yadda take yi. Kuma ki rage magana, don muryarku ba ɗaya ba ce."

"Baba, yaudarar yarinya za mu yi?"

"Lallashi dai. Mota in ta mutu a tsakiyar daji ba a zama jiran orijinal, abin da ke kusa ake sa mata ta kai gari. In uwarta ta dawo sai ki cire, me ya yi zafi?"

Mayafin kore ne da ya koɗe, ya sha ƙamshin yis da man burodi da gumin mai shi. Auta ta shiga ɗaki ta fito, tsohon da kansa sai da ya ɗauka Yaya ce. Ta durƙusa a bakin tabarma ba ta ce komai ba, ta miƙa hannu. Tsigi ta ɗago kai da ƙyar, ta duba, ta rarrafo ta cusa fuska a cikin mayafin ta ja numfashi mai tsawo. Can ƙasa aka ji ta ce, "Mama." Ran nan ta sha madara kofi guda, ta ci shinkafa, ta yi barci da bakin mayafin a dunƙule a hannunta.

Washegari ya fita kasuwa yana taƙama. "Likitoci suna can suna karatu," in ji shi ga Birki, "mu nan mun yi gyara da kayan gida."

Duk ranar da ya je asibiti, Yaya takan juyo da gefen da ba a naɗe ba ta ce, "Baba, Tsigi tana cin abinci?"

"Ci kamar gara. Ta kusa cinye mu."

"Ba ta nemana?"

"Tana nemanki mana. Kullum Mama, Mama."

Bai ga ya yi ƙarya ba, don kuwa kullum ana kiran Mama a gidan. Mayafi dai aka yi ta sawa har ƙamshin burodi ya fita, aka wanke, aka sake sawa. Auta ta daina zuwa wurin ɗinki. Ta fara magana, yarinyar ba ta damu da muryar ba. Watanni suka shige.

Ranar da aka sallami Yaya, da tsakar rana tasi ta sauke ta ita da tsohon a ƙofar gida. Gefen dama na fuskarta yana nan yadda Allah ya yi shi. Gefen hagu kuwa fata ta tattare ta yi ja da fari kamar an ɗinke ta da gaggawa, gira babu, idon kuma likitoci sun cire shi, fatar ta faɗa ciki ta bar rami. Tun a mota take gyara abin da za ta ce wa 'yarta, ta sa an tsaya ta sayi 'yar tsana. Shi kuwa tsohon sai a bakin ƙofa ya tuna bai ce wa Auta ta canza kaya ba.

Suka tarar da ita a tsakar gida, Tsigi a kan ƙugunta ta yi kumatu. Yaya ta saki ledar magani ta buɗe hannuwa.

"Tsigina! Zo, zo wurin Mama."

Yarinyar ta dube ta. Bakinta ya fara rawa, sai ta ƙwala ihu ta ƙanƙame wuyan Auta. "Mama! Dodo! Mama, dodo!"

Yaya ta sauke hannuwanta a hankali. Da idonta ɗaya ta bi ƙanwarta daga ɗankwali zuwa ƙafa.

"Auta, mayafina ne wannan?"

"Yaya, wallahi Baba ne ya ce..."

"Ba ta ci ne," in ji tsohon da sauri. "Da mun bar ta da ba ki tarar da ita ba. Kwana biyu za ta saba, yaro ai ba shi da riƙo."

Yaya ta duƙa ta tattara magungunanta ɗaya bayan ɗaya, ta shiga ɗakin uwarsu ta saki labule.

Kwana biyu suka zama makonni. Auta ta cire mayafin ta koma kayanta, ta kwance ɗaurin, amma aikin gama ya gama. Mama dai ita ce. In ta nuna labule ta ce, "Ga Mamanki can," sai Tsigi ta maƙe kafaɗa ta ce, "A'a. Ga Mama," ta dangwala mata yatsa a ƙirji. In yarinyar za ta wuce ƙofar ɗakin sai ta yi kwana ta bi jikin bango. Mijin Yaya ya zo sau ɗaya, ya zauna a bakin gado yana juya makullin mota a hannu, ya ce a yi haƙuri, ya ce gara ta zauna nan inda akwai masu kula, kaya suna jiransa. Yaya ba ta fitowa sai yarinyar ta yi barcin rana. A lokacin takan zo ta zauna a gefen tabarma ta zuba mata ido, ba ta taɓa ta don kada ta farka.

Tsohon ya kai kuka wurin Birki. Bakaniken ya saurara yana goge hannu da tsumma, bai yi dariya ba.

"Kai da ka fi kowa sanin ƙarfe. In simila ya daɗe a inji me yake yi?"

Birki ya ajiye tsumman ya ci gaba.

"Yakan ci mazauninsa ya gyara shi daidai jikinsa. Ran da ka kawo na ainihi sai ya ƙi zama. Sau nawa muka yi wannan faɗan da kai?"

"To ai ba a jefar da inji don wannan. Ramin idon nan ne yake tsorata ta. In aka cike shi, sauran mai sauƙi ne."

"Allah ya sa."

"Kai dai bakinka ba ya faɗin alheri, shi ya sa matarka ta fi son rediyo."

Aka kwatanta masa wani mai yin idon roba, a saman wani kantin magani, ɗaki ɗaya mai babbar taga. Mutum ne siriri mai sanƙo, da tabon fenti a yatsu. Tsohon ya ce masa likita, ya ce a'a shi ba likita ba ne, mai ido dai. Ya jawo aljihun tebur, sai ga idanu jere a cikin auduga, baƙaƙe da masu ruwan ƙasa, duk suna kallon silin. Tsohon ya ce a'uzubillahi a ransa, amma hannunsa ya riga ya kai kan kwalin da suka zo a ciki. Ya juya shi, ya bi rubutun da yatsa har ya sami kalmar da ya sani.

"Simila," ya ce. "Malam, mayar da su. 'Yata ce. Aidantikal nake so."

Mai ido ya yi murmushi. "Baba ya san kaya."

"A cikinsu na tsufa."

"To akwai wanda nake yi da hannu. Sai ta zo ta zauna, in auna ramin, in zana sabon ina kallon mai ran. Zai fi waɗannan nesa ba kusa ba. Amma kada in cuce ka, Baba, shi ma kama ce. Wancan da kake faɗa, wanda ya yi na farkon ne kaɗai yake da shi, kuma ba ya sayarwa."

"Kai dai yi naka. Yarinya ce 'yar shekara biyu za ta duba, ba injiniya ba."

"Yara ai su ne masu duba ido," in ji mai ido, yana rufe aljihun. "Manya kunya take hana su."

Shawo kan Yaya ta fita ya fi komai wuya. Ya tsaya a bakin labule ya yi wa'azi, ya yi barkwanci, ya ce ko ita ma so take ta zama kamarsa mai kanne ido ɗaya. Sai da ya ce, "Don Tsigi," sannan ya ji motsin neman takalmi. Ta sa baƙin tabarau ta ja mayafi har haɓa.

Sun yi zuwa da yawa. Mai ido yakan zaunar da ita a bakin taga, ya ɗauki buroshi mai gashi kamar uku, ya dubi idonta na dama ya ɗiga launi, ya sake duba. Har jajayen jijiyoyin nan ya yi su da zaren siliki. Yana aiki yana ce mata, "Dubi nan, 'yar'uwa. Kada ki yi kuka, in kin yi launin yakan canza." Ranar da ya sa mata, ya miƙa mata madubi, ta daɗe tana kallo. Tsohon ya zagayo ta gaba, ya kanne ido, ya buɗe, ya rasa abin kushewa.

"Wallahi ya zauna," ya ce. "Ko ni sai na yi tunani kafin in ce wanne ne."

A karo na farko tun gobarar, gefen bakinta mai lafiya ya ɗaga.

A hanya ya tsara yadda za a yi, kamar mai shirin tayar da injin da aka sauke. Auta ta zauna nesa kaɗan, kada ta yi magana. Yaya ta zauna a inuwa, gefen dama yana fuskantar yarinyar. Kada ta kira kanta Mama tukuna.

Haka aka yi. Yaya ta zauna a kan tabarma ta fara wani wasa da suke yi tun Tsigi tana jaririya: ta tafa hannu sau biyu, ta kaɗa harshe, ta ɓoye fuska a tafin hannu. Yarinyar tana wasa da murfin kwalba, ta tsaya cak. Ta karkata kai. Yaya ta sake. Tsigi ta tashi, ta yi taku biyu, ta waiwayi Auta, ta ƙara biyu. Ta zo ta dafa gwiwar uwarta, ta leƙa fuskar, dama, hagu, dama. Sai ta ɗaga ɗan yatsa, yadda yara suke yi, ta dangwala a idon hagu.

Farcenta ya yi ƙas a kan roba. Fatar da ta ƙone ba ta iya ƙiftawa da sauri ba, idon ya goce ya koma yana kallon kunne, na dama kuma yana kallonta yana zubar da hawaye.

Tsigi ba ta yi ihu ba. Ta janye hannunta ta goge a riga, ta juya ta tafi wurin Auta ta hau cinyarta, ta juya wa tabarmar baya.

Da ihun ta yi da ya fi wa tsohon sauƙi. Ya bi Yaya har bakin labule yana cewa wannan ai ci gaba ne, jiya ko kusa ba ta zuwa. Daga ciki ta ce, "Baba, don Allah ka bar ni in gyara shi," ya ji tana neman madubi.

Dabara ɗaya ta rage masa, wadda kowane bakanike ya sani: in kana so na ainihi ya zauna, sai ka cire wanda ya tare wurin. Ya kira Auta ya ce ta haɗa kaya ta tafi wurin gwaggonta a wancan gari, sai an neme ta.

"Baba, ba za ta ci abinci ba."

"Yunwa za ta koya mata."

"Kai ka ce in sa, na sa. Yanzu kuma..." Sai a lokacin ya lura ita ma ta rame, kuma kukan da take yi ba na tausayin yayarta kaɗai ba ne. Ya kau da kai. Ta fita da safe yarinyar tana barci, ko sallama ba ta yi mata ba.

Wannan karon Tsigi ta fi wayo, ta kuma fi taurin kai. Ta duba ɗaki, ta duba bayan gida, ta duba bayan tankin ruwa. Daga nan ta je ta tsaya a ƙofar gida ta kama ƙarfen da hannu biyu tana kiran Mama. In Yaya ta ɗauke ta sai ta sandare kamar itace, ta yi ta ihu har ta yi amai. Ruwa kawai take karɓa, shi ma daga hannun kakanta. Yakan ce, "Haba amaryata, ci kaɗan mana, ko so kike a ce ban iya riƙon mata ba?" Ta kalle shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Yaya ta dafa duk abin da ta san tana so, ta ajiye a ƙasa ta koma bayan labule don kada ganinta ya hana ci. Ƙuda ne suka ci.

Da zazzaɓi ya shigo, suka kai ta wurin likita, ya ba da magani ya ce lallai ta ci abinci. Suka dawo. Yarinyar tana kwance a tabarma, leɓe ya bushe, ba ta da ƙarfin gudu, amma in inuwar uwarta ta faɗo kanta sai ta runtse ido.

"A ƙara daurewa," in ji tsohon, muryarsa ba ƙarfi. "Sabon ƙarfe sai ya yi zafi kafin ya zauna. Gobe, jibi..."

"Ba ni wayarka, Baba."

"Yaya, in kika kira ta yanzu, duk wahalar nan ta tashi a banza."

"Na sani. Ba ni."

Ya ba ta. Ta tsaya a tsakar gida cikin rana, ta ce, "Auta, ki taho yau. A'a, ba fushi nake ba. Ki taho, 'yarki ba ta da lafiya." Ta miƙa masa wayar ba ta dube shi ba.

Auta ta iso da la'asar. Tun daga jin takunta Tsigi ta ɗago kai. Ba ta da ƙarfin tashi, hannu kawai ta miƙa, Auta ta zube a ƙasa ta rungume ta suna kuka su biyu. Aka kawo shayi da madara, ta sha, aka ƙara. Tsohon yana kan bencinsa, hannuwa a tsakanin gwiwoyi.

Yaya ta shiga ɗaki ta fito da burodi a faranti. Ta sa baƙin tabaran nan. Ta durƙusa nesa kaɗan, inda yarinyar ba za ta firgita ba, ta gutsuri ɓangare mai laushi ta miƙa.

"Auta, ce mata ta karɓa. Ce mata Anti ce ta kawo mata."

"Yaya, don girman Allah..."

"Faɗa mata."

Auta ta sunkuya a kunnen yarinyar. "Karɓi, Tsigi. Anti ce. Anti ba ta cizo."

Tsigi ta leƙo daga ƙirjin Auta. Ta dubi burodin, ta dubi tabaran, ta dubi Auta ta ga ta gyaɗa kai. A hankali ta miƙa hannu ta karɓa, yatsunta suka taɓa na uwarta, ba ta janye da sauri ba.

"Me za ki ce?" in ji Yaya.

"Na gode, Anti."

"Yawwa, yarinyar kirki."

Ta tashi ta kakkaɓe zaninta. Da ta zo wucewa ta gaban benci sai ta tsaya.

"Baba, gobe in za ka kasuwa ka biya gidan burodin nan. Ka tambayar mini ko suna neman mai ɗaura leda a ɗakin baya, inda masu saye ba sa shiga."

Ya ɗaga kai zai yi magana. Duk tsawon ransa bai taɓa rasa abin faɗa wa mai tsaye a gabansa ba. Ya ga fuskarsa biyu a cikin tabaran, ƙanana, baki a buɗe. Ta jira kaɗan, da ta ga ba abin da zai fito sai ta wuce ta saki labule. A bayansa Tsigi ta cinye na hannunta, tana jan rigar Auta tana cewa Mama ta karɓo mata wani wurin Anti.